Zanen Hajiya Ladi a Bakin Inji

Tun ranar da na dawo ban huta da tambaya ba. In na fito daga masallaci a tare ni, in na buɗe shago a zo a cika mini benci. "Malam Habu, wai yaya ƙasar take? Da gaske ne ba a biyan haraji?" Har matar ƙanina ta aiko a tambaye ni ko gaskiya ne wutarsu ba ta ɗaukewa. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ina ba shi abin da kunnensa yake so. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, har da wurin da nakan tsallake in ana cikin mutane.

Ga wanda bai san ni ba, ni baduku ne a Yakasai. Takalma da jakunkuna nake ɗinkawa, a shagon da na tarar da mahaifina yana yi. Mafarin tafiyar kuwa shi ne, hukuma ta kira mu masu sana'ar hannu na cikin birni, aka ce za a keɓe fili a bayan gari, a kewaye shi, a kai masa wuta da ruwa da titi. Duk wanda ya mai da sana'arsa can za a ɗauke masa haraji na wasu shekaru, injin da ya shigo da shi ma ba za a karɓi kuɗin fito a kansa ba. Sunan abin yankin masana'antu na musamman. Nan take taro ya rabu biyu. Matasa suka ce ko gobe a tafi. Dattawa suka ce dabara ce ta fitar da mu daga cikin ganuwa. Da aka rasa matsaya, aka ce to a tura mutane su gano irinsa da idonsu, a wata ƙasa ta yamma da mu, ta bakin teku, inda ake Faransanci.

Mu uku muka tafi. Da ni, da Malama Rabi, ma'aikaciyar kwamitin da zai kafa yankin, 'yar Kabuga ce, ta iya Faransanci kamar a can aka haife ta. Na ukunmu shi ne Alhaji Garba, marini, mutumin Madabo.

Babu wanda ya ambaci sunan Alhaji Garba a taron. Shi ya miƙe da sandarsa ya ce, "A sa ni." Mutum ne da ya haura saba'in, ga ciwon gwiwa. Amma ba wanda ya musa, domin kowa ya san dalili. Autansa Nasiru, wanda shi kaɗai ne ya koyi rini a cikin 'ya'yansa, ya tafi aiki wani kamfanin buga atamfa a cikin wannan yankin da za mu je, shekara uku ke nan. Da farko duk Juma'a yakan kira. Daga baya kiran ya tsaya cak, sai ɗan saƙon barka da sallah.

Bayan sallar asuba motarmu ta tashi. Alhaji ya zo da ƙulli biyu. Ɗaya na kilishi da garin kunu, ɗaya kuma yadi ne da ya rina da hannunsa, ya kai aka buge shi har yana ɗaukar ido. Yaran mota suka ce a ɗora a sama, ya ce a'a. A cinyarsa ya riƙe shi har muka sauka.

Hanya ba ta yi mana daɗi ba. Mun wuce Zariya da kaɗan taya ta fashe, aka ɗauko safaya aka tarar ita ma ba iska. Muka zauna a gindin wata bishiyar mangwaro fiye da awa biyu. A nan na fara sanin Malama Rabi ba irin ma'aikatan da muka saba gani ba ce, don ita ta je ƙauye ta nemo wa Alhaji ruwan zafi ya gasa gwiwarsa. Ya ce mata, "'Yata, a ofis ɗinku akwai irinki da yawa?" Ta yi dariya ta ce, "Baba, mu uku ne, biyun sun yi ritaya."

Da muka haye Kwara iska ta sauya. Zufa ta ƙi bushewa a jiki, riga ta manne wa mutum kamar an jiƙa ta. Muka kwana a Ikko gidan wani ɗan unguwarmu mai sayar da goro, da safe muka nufi iyaka.

A iyaka ne muka sha abin dariya na ƙarshe a tafiyar. Akwai wani ɗan inji da ake ɗora yatsa a kai ya ɗauki zanen hannun mutum. Ni na ɗora ya karɓa, Malama Rabi ta ɗora ya karɓa. Alhaji ya ɗora babban yatsa, injin ya yi ƙara ya nuna ja. Ya ɗora manuni, ja. Aka goge masa da auduga, aka hura, aka danna, duk a banza. Shekara hamsin da wani abu hannun nan yana cikin ruwan toka da baban rini, zanen ya shafe sumul, fatar ta yi shuɗi har ƙarƙashin farce. Jami'in ya kama hannun yana jujjuyawa, ya kira abokan aikinsa suka taru suna kallo. Ɗaya ya tambayi Malama Rabi ko cuta ce. Da ta fassara, Alhaji ya ce, "Gaya masa sana'a ce. Amma bai yi nisa da gaskiya ba." Daga ƙarshe da biro ya sa hannu da ajami, suka buga masa hatimi. Kilishin kuwa suka ce nama ba ya shiga. Malama Rabi ta yi ta magana da su, har aka rabu a kan su riƙe rabi, wai za su bincika shi. Muna juyawa na hango ana binciken da haƙora.

Masaukinmu a Zango yake, unguwar Hausawan garin da muka je. Mai masaukinmu, Alhaji Isa, kakansa ne ya zo fataucin goro daga Kano bai koma ba. Shi bai taɓa taka Kano ba, amma ya san sunayen ƙofofinta a jere fiye da 'ya'yana. Hausarsa ta tsufa a bakinsa, yana faɗin kalmomin da rabona da jinsu tun kakata tana da rai, yana cakuɗa su da Faransanci. Ya tambaye mu ko har yanzu ana rufe ƙofar gari da magariba. Muka kalli juna. Alhaji Garba ya ce, "Ana rufewa, amma ba kullum ba." Bai so ya ɓata masa Kanon da ya gada.

Abincinsu sai a hankali. Da safe burodi ne dogo kamar sanda, ɓawonsa har yana yanka dasashi, da gahawa mai madara a kwano. Da rana wani tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ganye, a ci da soyayyen kifi da niƙaƙƙen barkono ɗanye. Ni na ci, na yi hawaye, na ƙara. Alhaji Garba ya ɗanɗana ya ce tuwon ya kwana uku, aka ce masa haka ake son sa. Daga ranar kununsa ya riƙa damawa. Abin da ya fi ba ni mamaki, da rana ta take sai gari ya rufe, ofis da kanti, kowa ya tafi ya kwanta sai wajen la'asar. Na ce a Kano wanda ya rufe shago a wannan lokaci sai a je gida a tambayi lafiya. 'Yan acaɓarsu kuma duk riga iri ɗaya, da lamba a baya. Kasuwa kuwa ta mata ce, su ne manyan dillalan atamfa, maza suna yi musu dako. Gaisuwarsu gajeriya, kalma biyu an wuce. Alhaji ya ce mutanen nan ko dai ba su da iyali ne, ko ba sa so a tambaya.

Kwana biyu da saukarmu aka kai mu yankin. Katanga ce doguwa da ƙofa ɗaya, sai an duba takardarka. Ciki kuwa, gaskiya zan faɗa, na ga abin da ban taɓa gani ba. Titi shimfiɗe, wuta ba ƙiftawa, ban ji ƙarar janareta ko ɗaya ba. Wani jami'i mai ƙaramin gemu ya kai mu wani ofis ya nuna mana taga guda. Ya ce duk takardar da mai kamfani yake buƙata, ta rajista, ta fito, ta ma'aikata, a wannan tagar ake gama ta. Na tuna yawan masu rasit da suke zuwar mini shago, kowa da kalar rigarsa.

Na ce Malama Rabi ta tambaye shi, mutum irina, mai keken ɗinki huɗu da ma'aikata shida, in ya zo za a ba shi wuri? Ya yi murmushi, ya yi dogon bayani. Ta saurara har ya gama. Sannan ta ce, "Ya ce akwai sharuɗɗa. Sai jarinka ya kai wani mataki, sai yawancin kayanka waje za ka fitar da su. Ya ce irinku sukan shigo ne a matsayin ma'aikata." Na ga ta rubuta wannan a littafinta ta ja masa layi biyu.

Alhaji Garba kuwa hankalinsa ba ya wurin. Idonsa yana kan gine-ginen, yana neman wanda ake buga atamfa.

Da muka shiga, ƙara ta hana mu jin juna. Inji ne mai tsawon layin gidaje biyar, farin yadi yana shiga ta can, yana fitowa ta nan da zane a jikinsa, ba tsayawa. Muna tafe jami'in yana nuni da hannu, sai na ga babu Alhaji a gefena. Na waiwaya. Yana tsaye a bakin wani inji, ya saki sandarsa ta faɗi ƙasa.

Yadin da yake fitowa shuɗi ne mai duhu, da ƙananan zobba farare a jere, manya suna kewaye da ƙanana. Na san zanen. Duk wanda ya girma a cikin birni ya san shi, ɗaurin Hajiya Ladi ne, matar Alhaji, wadda ta rasu shekara biyar da suka wuce. Ita take ɗaure yadi da zare a gida, shi ya kai marina ya tsoma. Ba wadda ta iya wannan ɗaurin sai ita.

A can ƙarshen injin wani saurayi ne tsaye da rigar aiki da abin toshe kunne. Ya ɗago, suka haɗa ido. Nasiru ne. Ya taho da sauri ya durƙusa a gaban ubansa, bakinsa yana motsi, ƙara ba ta bari a ji ba. Kafin Alhaji ya ɗora masa hannu a ka, wani mai kula da aiki ya busa usur yana nuna injin. Nasiru ya miƙe, ya nuna agogo, ya nuna ƙofa, ya koma wurinsa da gudu.

A waje muka jira shi, a rumfar wata mata mai sayar da abinci a bakin katanga. Ta gaya wa Malama Rabi cewa inda ofishin nan mai taga ɗaya yake, nan gonar rogon mijinta take a da. Ta faɗa ba da fushi ba, tana zuba miya. Alhaji ya zauna a benci, ƙullin yadinsa a cinya, bai karɓi ko ruwa ba.

Da aka tashi hutun rana Nasiru ya fito. Ya rame, ya yi tsawo a idona. Ya sake durƙusawa, wannan karon ya ƙi tashi. Na yunƙura zan ba su wuri, Alhaji ya riƙe mini riga.

"Baba, wallahi ban sayar ba," in ji Nasiru. "Zanen Inna na ƙarshe, wanda ka ba ni da zan taho, a bango na rataye shi. Na kwanta zazzaɓi, shugaban masu zane ya zo duba ni, ya gani. Ya ce in ara masa kwana biyu. Na ɗauka sha'awa ce kawai."

"Ya dawo maka da shi?"

"Ya dawo da shi. Suka ƙara mini matsayi. Ranar da na ga ya fito a inji, na ɗauki waya zan kira ka, na kasa. Juma'a ta zagayo na sake kasawa. Daga nan kuma kunyar rashin kiran ta haɗu da waccan."

Alhaji ya dubi ƙullin da ke cinyarsa. Can ya ce, "Ina ake kai shi?"

Nasiru ya sunkuyar da kai. "Wasu 'yan kasuwar Kano ne suka yi oda. Wata mai zuwa za a fara lodi."

Na zaci Alhaji zai yi faɗa, don an san shi da zafi a marina. Bai yi ba. Ya ce a samo masa ƙyalle ɗaya. Nasiru ya zaro wani guntu daga aljihu, irin wanda ake yankewa a duba kala. Alhaji ya shimfiɗa shi a gwiwa, ya shafa, ya kai hanci ya shinshina. Sannan ya sa yatsa a wani wuri ya ce mini, "Habu, duba nan."

Na duba. A cikin jerin zobban akwai gurbin da babu ɗaya.

"Shekarar da za ta rasu idonta ya fara dushewa," ya ce. "Ta tsallake ƙulli ɗaya ba ta sani ba. Da na kwance zaren na nuna mata, ina tsokanarta, ta yi kuka. Ta ce in ɓoye shi kada mata su gani. Shi ya sa ban sayar ba, na ba yaron nan." Ya ɗaga kai ya dubi katangar. "Sau ɗaya ta yi kuskure a ɗauri, tsawon zamanmu. Ga shi ana maimaita mata shi tun safe har dare, za a kai wa matan Kano su ɗaura."

Malama Rabi ta juya baya tana gyara mayafi. Mai abincin ba ta jin Hausa, amma ta daina kwankwasa tukunya.

Alhaji ya ce, "Nasiru, ka zo mu tafi gida."

"In je in yi me, Baba?" in ji Nasiru. "Da na taho rijiya biyu ce take aiki a marina. Wata guda muna jiran mai kawo yadi. A nan ina aika wa su Yaya abin da ake cefane da shi, kai ma ka sani. Kuma na sa hannu a takarda, saura shekara biyu."

Alhaji bai ƙara roƙonsa ba. Ya kwance ƙullin, ya miƙa masa yadin da ya rino. Nasiru ya karɓa da hannu biyu, hawaye yana ɗiga a kai. Uban ya ce, "Ka ɗinka ka sa ranar Juma'a. Wannan kada ka nuna musu." Usur ya sake kaɗawa daga ciki. Nasiru ya tsaya kamar zai ce wani abu, Alhaji ya ce, "Tafi, kada su rage maka albashi. Allah ya yi maka albarka. Na yafe."

Komawarmu ba ni da abin faɗa a kanta. Iyakar da ta ba mu dariya muka wuce ta shiru. Alhaji ya jingina kai da gilashi tun daga Ikko, in an tsaya salla ya sauka, in an miƙa masa abinci ya ce ya ƙoshi. Wajen Kaduna ya tambaye ni ko ina ganin yaron yana cin abinci sosai. Na ce ina gani. Ƙarya na yi.

Mako guda da dawowarmu aka kira taro. Malama Rabi ta karanta rahotonta, ba ta ɓoye komai ba, har maganar sharuɗɗan da ta matar mai gonar rogo. Ta ce za ta yi iya ƙoƙarinta a ware wa ƙananan masu sana'a rumfuna a namu yankin, amma ba ita ce mai yanke hukunci ba. Ni ma na faɗi abin da na gani. Sai dattawa suka ce a ji daga bakin Alhaji Garba, suna da tabbacin zai rushe maganar.

Ya miƙe da ƙyar. Ya ce, "Ni ba zan je ba, ƙafata ba za ta kai ni bayan gari kullum ba, rijiyar rini kuma ba a ɗaukarta a ka. Amma ku bari a yi. Yaran nan tafiya za su yi, ko mun so ko mun ƙi. In inji zai cinye su, gara ya cinye su a nan kusa, inda yaro zai tashi aiki ya zo ya ci tuwo a gidan ubansa." Ya zauna. Ba wanda ya yi tafi, ba wanda ya yi musu. A ranar aka fara raba fom, ni ma na karɓa na cike, don ina da 'ya'ya maza uku.

Kwana goma sha tara bayan taron Alhaji Garba ya rasu. Ba wata doguwar jinya, zazzaɓi ne na kwana biyu. Ni na kira Nasiru. Kamfani ya ba shi hutun kwana huɗu, uku daga ciki hanya ta cinye. Ya iso ranar sadakar uku da hantsi, ƙafarsa duk ta kumbura da zaman mota. Ya ce in raka shi maƙabarta, don bai san wurin ba.

Ya daɗe a tsugune yana addu'a. Da muka fito, muna tafe a bakin hanya, sai ya ce, "Baba Habu, wannan yankin da za a yi a nan, yaushe za a buɗe?"

Na ce ban sani ba, ko harsashi ba a haƙa ba tukuna.

"In an buɗe, za su nemi wanda ya iya injin buga atamfa?"

Na ce ina jin za su nema, zan tambayi Malama Rabi.

Ya gyaɗa kai. "Ka tambaya mini. Ina so in dawo gida."

Muka ci gaba da tafiya har gida. Washegari da asuba na kai shi tasha, ya samu kujerar baya, kusa da taga.

To, masu tambaya, abin da na gano ke nan. Allah ya jiƙan Alhaji Garba da Hajiya Ladi, ya haskaka makwancinsu. Yaron kuma ku sa shi a addu'a, yana can shi kaɗai.